Yadda Ma'aikaci Mai Iyali Zai Rubuta Littafinsa Har Ya Kai Ƙarshe

Tambayar da masu karatu suka fi turowa a kan rubutun ƙagaggun labarai kusan iri ɗaya ce, sai dai muryoyin su bambanta. Malamar firamare ta ce labari na cinta a rai amma daga makaranta sai kicin. Ma'aikacin banki ya ce ba ya shiga gida sai bayan Isha'i. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta fara littafi uku, babu wanda ya wuce babi na biyar. Duk tambayar ita ce: ta ina ake samun lokaci? Amsar a taƙaice, ba a samunsa a ajiye, daga wani abu ake yanko shi, kuma sai an san daga inda za a yanka ba tare da an taɓa haƙƙin aiki ko na iyali ba. Ga yadda ake bi, mataki bayan mataki.

1. Fara da bin diddigin mako guda

Kafin ka rubuta ko jimla ɗaya ta labari, ɗauki takarda ka rubuta yadda ranarka take tafiya har kwana bakwai: ƙarfe nawa ka tashi, yaushe ka fita, minti nawa ka yi a hanya, yaushe ka dawo, me ka yi tsakanin Magariba da barci. Kada ka ƙawata, rubuta yadda abin yake. Yawancin wayoyi suna nuna awa nawa mutum ya ɓata a kowace manhaja, ka buɗe wurin ka duba. Mutumin da ke rantsuwa ba shi da minti goma yakan tarar ya ba Facebook da TikTok fiye da awa biyu a rana, a gutsure-gutsure.

Gargaɗi: kada ka lissafa barcinka a cikin lokacin da za a yanka. Wanda zai tuƙa mota da safe, ko ya ba marar lafiya magani, ko ya tsaya gaban aji, bai kamata ya kwana yana rubutu ba. Mako biyu za ka jure, a na uku jikin ya karɓi bashinsa.

2. Zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa

Daga abin da takardar ta nuna, ware minti talatin zuwa arba'in da biyar, kwana biyar a mako. Kada ka haura haka da farko.

Ga mafi yawan mutane bayan sallar Asuba ya fi. Gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba, kai bai cika da maganganun ofis ba. Amma ba kowa wannan ya dace da shi ba. Uwar da ke shirya yara uku zuwa makaranta, ga abin kari ga wanka ga neman safar da ta ɓata, Asubarta ba tata ba ce. Ita lokacinta shi ne bayan La'asar, sa'ad da yaran suka tafi Islamiyya, ko bayan sun yi barci idan da sauran ƙarfi. Mai aikin karɓa-karɓa, irin na asibiti ko na tsaro, kada ya ɗaura rubutunsa a kan agogo, ya ɗaura shi a kan abin da yake yi kullum: bayan ya tashi daga barcin da ke biyo aikin dare, ya yi wanka, ya ci abinci, sai rubutu.

Wanda ke doguwar tafiya zuwa aiki, kamar masu fitowa daga Mararaba ko Suleja zuwa cikin Abuja, yana da wata dama. A mota ba a iya rubutu mai kyau, amma ana iya tunanin abin da zai faru a fage na gaba, a rubuta shi layi uku a waya. Idan kai ke tuƙi, bar wayar, ka yi tunanin kawai, in ka isa ka rubuta kafin ka fito daga motar.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jiran Asabar da Lahadi, wai a zauna a yi awa shida. A ƙasar Hausa ƙarshen mako na ɗaurin aure ne da suna da gaisuwa da ziyarar dangi. Wanda ya ajiye littafinsa a Asabar, a wata sau ɗaya zai gan shi.

3. Zauna da mutanen gida

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke kashe littattafai da yawa. Mutum ya fara shiga ɗaki yana rufe ƙofa, ko ta fara kifa kai a waya tana danne-danne da dare, ba a faɗa wa kowa abin da ake yi ba. A gidan aure wannan zargi yake haifarwa, kuma mai zargin ba shi da laifi.

Faɗi abin a sarari, kuma ka faɗi iyakarsa. Maigida zai iya cewa: "Maman Amira, akwai littafin da nake son rubutawa. Bayan Asuba zan riƙa zama minti arba'in, ƙarfe shida da rabi na fito mu shirya yara. Idan wani abu ya taso ki ƙwanƙwasa." Uwargida kuma: "Abban Amira, ina so in riƙa rubutu idan yara sun tafi Islamiyya. Ga littafin nan, duk sa'ad da kake so ka duba." Abin da ke kwantar da hankalin ɗaya ɓangaren shi ne sanin lokacin farawa da na gamawa, da ganin cewa babu abin da ake ɓoyewa.

Sannan a cika alkawarin. Idan ka ce shida da rabi, ko labarin ya yi daɗi ka rufe ka fito. Ranar da girki ya ƙone ko yaro ya makara saboda rubutu, littafin ya zama abokin gabar gidan, kuma da wuya a sake kallonsa da idon rahama. Ni a ganina bai isa a nemi izini ko fahimta kawai ba, a yi musanya: idan matarka ta riƙe maka yara da safe, kai ma ka ɗauke mata su da yammacin Lahadi ta huta ko ta je gidansu.

Mai mata fiye da ɗaya ya lura da kyau. Kada rubutun ya riƙa faɗawa a ranar girkin mace ɗaya kullum. Ko dai ya yi a kowane ɗaki daidai, ko ya mayar da rubutunsa wajen gida gaba ɗaya, misali ya isa wurin aiki da wuri ya yi a can kafin lokacin aiki ya shiga. Ita kuwa mai abokiyar zama, ranakun da ba ita ke da girki ba su ne jarinta, sai ta tara rubutu mai nauyi a cikinsu, ta bar ƙananan gyare-gyare ga ranar girkinta.

Yara ƙanana ba sa gane bayani, alama suke ganewa. Zauna a wuri ɗaya kullum, a kan kujera ɗaya ko tabarma ɗaya, su saba cewa idan Mama ta zauna can da littafinta, ana jira har agogo ya buga. Mai goyo kuma kada ta matsa wa kanta. Layi biyar a waya yayin da jariri ke barci ma rubutu ne.

Gargaɗi: kada ka kwashi sirrin gidanka ko na dangi ka zuba a labari yadda kowa zai gane. Canza suna kawai ba ya ɓoye mutum. Idan kishiyar cikin labarin tana da tsagar kishiyarki da sana'arta da garinsu, ba labari kika rubuta ba, takardar ƙara ce, kuma za a karanta ta a gidan biki.

4. Kayan aiki da abin da za su ci

Ba ka buƙatar kwamfuta don farawa. Marubutan Hausa da dama a intanet da babban yatsa suka rubuta littattafai masu tsawo a waya. Abin da ake buƙata:

Littafin rubutu mai kauri da biro, don tsara labari da kuma ranar da babu wuta. Wannan shi ne mafi arha kuma ba ya mutuwa.

Manhajar rubutu a waya, Google Docs ko WPS Office. Dukkansu ana samunsu kyauta, suna ƙirga kalmomi, kuma ana iya rubutu a cikinsu ba tare da data a kunne ba. Sa allon rubutu na Gboard, ka ƙara Hausa a jerin harsunansa, don ka sami ɓ da ɗ da ƙ. Idan ka saba sa su tun farko, ka rage wa kanka wahalar gyara daga baya.

Fawa-banki mai kyau. Wannan shi ne kuɗi mafi tsoka a farkon tafiya, amma a inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama, shi ne ke tsare maka minti arba'in ɗinka. Idan yatsa na gajiya, akwai ƙaramin allon rubutu da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ana samunsa a kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano, sai dai wannan ya jira har ka tabbatar ka ɗore.

Gargaɗi mai girma: kada ka rubuta littafinka kai tsaye a cikin WhatsApp, kuma kada ya zama a waya kaɗai yake. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta, yaro yana goge abu. Kowace Juma'a ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel, ko ka kunna data Google Docs ya adana shi. Rubutu ba ya cin data mai yawa. Kuma a fuskar kuɗi, kada ka taɓa na cefane ko na makarantar yara don littafi. Ware wani ɗan abu daga albashi kowane wata, ya taru a gefe don gyara da bango idan lokacinsu ya zo.

5. Tsara labarin kafin ka fara

Mai zaman gida da yini a hannunsa zai iya bin labari duk inda ya kai shi. Mai minti arba'in ba shi da wannan gatan. Idan ka zauna ba ka san abin da za ka rubuta ba, lokacin zai ƙare kana kallon allo.

Ɗauki mako biyu na farko ka yi tsari kawai. Rubuta labarin duka a shafi ɗaya: waye, me yake so, me ya tare masa hanya, ina aka ƙare. Idan ba ka san ƙarshen ba tukuna, kada ka fara. Daga nan ka ba kowane babban ɗan wasa rabin shafi: suna, shekaru, gari, sana'a, dangantakarsa da sauran, irin maganarsa. Wannan takardar ce za ta hana ƙanwar da ka kira Hafsa a babi na uku ta koma Hafiza a na ashirin. Sai ka jera fage-fage, kowanne layi ɗaya ko biyu: "Ladi ta je karɓar kuɗin adashe, ta tarar uwar adashe ta yi tafiya." Fage hamsin ko sittin sun isa littafi.

Littafin farko ya zama gajere. Mutane da yawa suna farawa da labarin zuri'a uku mai littafi na ɗaya zuwa na huɗu, su gaji a hanya. Wanda bai taɓa kammala komai ba ya fara da gajeren labari. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata tana karɓar labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, abin da za a iya rubutawa a mako ɗaya a gyara a na biyu. Ko ba a ci gasa ba, an koyi yadda ake kai labari ƙarshe kafin wa'adi. A duba ƙa'idojin kowace shekara kafin a tura.

6. Zaman rubutu kansa

Sa wa kanka kalma 300 a zama ɗaya. Kaɗan ce, da gangan. Kwana biyar a mako ya ba ka 1,500. A mako arba'in ka tara 60,000, littafi cikakke, kuma ka bar mako goma sha biyu a shekara don azumi da rashin lafiya da hidimomi. Abin kamar adashe yake, zubin ba ya burge kowa sai ranar kwasa.

Idan ka zauna, kashe data. Karanta sakin layi na ƙarshe na jiya kawai, ba babin duka ba, sannan ka ci gaba. Kada ka tsaya gyara. Idan ka manta sunan wani gari ko kana buƙatar sanin yadda ake shigar da ƙara a kotu, sa alama ka wuce, ka tara irin waɗannan ka bincika su rana ɗaya. Da ka buɗe intanet don duba abu ɗaya, zaman ya tafi.

Kafin ka tashi, rubuta layi ɗaya na abin da zai biyo baya gobe. Wasu ma a tsakiyar magana suke tsayawa, mai magana ya buɗe baki bai gama ba, don gobe hannu ya kama nan take.

Idan ka rasa rana ɗaya, kada ka ce gobe za ka rama da 600. Yi 300 ɗinka. Bashin kalmomi idan ya taru shi ke sa mutum ya fara gudun littafinsa.

7. Tsakaninka da wurin aiki

Lokacin aiki an saye shi, albashi ake biyan ka a kansa. Rubuta labari a bakin aiki, marasa lafiya na layi ko ɗalibai na jira, cin amana ne, kuma labarin da aka rubuta ana waige ba ya kyau. Abin da yake naka shi ne lokacin hutun rana da mintunan kafin a buɗe ofis. Kada ka ajiye littafinka a kwamfutar ofis, kada ka buga shi da firintar ofis da takardarsu. Ranar da aka sauya maka wurin aiki ko aka karɓe kwamfutar, ka rasa shi, ga kuma abin magana.

Haka nan sirrin aiki ba kayan labari ba ne. Ma'aikacin asibiti ko kotu ko banki yana ganin abubuwan da za su cika littafi goma, amma ya ɗauki darasin ya bar mutanen.

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san da wannan: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Kafin ka yi rajistar kamfanin ɗab'i da sunanka ko ka buɗe shagon littattafai, nemi shawarar lauya.

8. Kada ka fara saki kafin ka gama

Nan ne tarkon ya fi zurfi. Al'adar da aka saba ita ce a rubuta shafi yau a tura zauren WhatsApp ko manhajojin karanta littattafai irin su Wattpad da ArewaBooks yau, gobe a sake. Yabon masu karatu yana da daɗi, yana ƙara ƙwazo. Amma daga ranar da ka saki shafi na farko, ka yi wa kanka ubangida na biyu, wanda ba ya ba da hutu kuma ba ya karɓar uzuri. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ka buɗe waya ka tarar da saƙo tamanin: "Yau shiru?" "Don Allah a ƙara yawan rubutun." Idan kuma littafin na kuɗi ne, an riga an biya, magana ta koma "a ba mu haƙƙinmu". Daga nan sai a fara satar lokacin barci da na miji ko mata da na aiki don a cika shafi, labarin kuma ya fara ja, ana ƙara kishiya da aljani da haɗarin mota don kawai a sami abin turawa.

Akwai wata illar. Masu karatu za su fara tuƙa maka labarin. Su ce kada a kashe wance, a aura wa wane wance, kai kuma don gudun ɓacin ransu ka bi. Tsarin da ka yi a mataki na biyar ya tashi a banza.

Mafita: gama rubutun duka, ka gyara, sannan ka fara saki. In ka ga ba za ka iya jira ba, to kada ka saki komai sai kana da aƙalla shafukan wata guda a ajiye, kuma ka sanar tun farko cewa sau biyu ko uku a mako za a riƙa samu, ba kullum ba. Kada ka karɓi kuɗin kowa a kan littafin da ba ka gama ba. Amsa saƙonnin masu karatu ma a ba shi lokacinsa daban, minti goma sha biyar da yamma, kada ya shiga cikin minti arba'in na rubutu.

9. Lokutan da tsarin zai wargaje

Zai wargaje, ka sa shi a lissafi. Watan azumi, barci da aiki da girki duk suna sauya wuri, mafi sauƙi ka rufe littafin har bayan Sallah. Malamin makaranta ya ɗaga ƙafa a makonnin jarrabawa da makin, ya rama a dogon hutu. Ma'aikacin kuɗi ya san ƙarshen wata da ƙarshen shekara ba nasa ba ne. Haihuwa, rasuwa, jinya, waɗannan ba a gasa da su.

Abin da ake so shi ne a san ranar dawowa, a rubuta ta a bangon littafin. Ranar da ka dawo kada ka rubuta sabon abu, karanta babi biyu na ƙarshe da jerin fagenka. Washegari ka fara da kalma 100.

10. Gyara, fitarwa, da maganar barin aiki

Idan ka rubuta "ƙarshe", ajiye littafin wata guda. Sannan ka karanta shi da babbar murya, duk inda harshenka ya sarƙe akwai gyara. Fara da manyan abubuwa, fagen da ba ya ƙara komai a cire shi, sannan a zo kan ƙa'idojin rubutu: raba abin da ya kamata a raba, haɗe na haɗewa, "yana" ba "ya na" ba. Ba mutum biyu su karanta, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya. Matarka ko mijinki na iya zama na farkon gani saboda girmamawa, amma kada a ɗora musu aikin alƙalanci. Reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, na jiharku da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa wuri ne na samun irin waɗannan masu karatu da masu gyara.

Kuɗin da ka tara a gefe, mai gyara ya fara ci, sannan mai zanen bango. Idan a takarda za ka buga, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, kuma ka fara da kwafi kaɗan, kada albashin wata uku ya koma katan-katan a ƙarƙashin gado. Mai bugawa da sayarwa a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ya ji ƙa'idarsu kafin ya kai madaba'a. Idan mai tashar YouTube ya nemi karanta littafinka, ko mai shirya fim ya nuna sha'awa, ku rubuta yarjejeniya: nawa ne, na tsawon wane lokaci, a ina kaɗai zai sa shi, da shaidu biyu.

Game da barin aiki kuwa, littafi ɗaya da ya karɓu ba dalili ba ne. Kuɗin rubutu yana zuwa ne a dunƙule sannan ya yi shiru, ga masu tura littafin kuɗi zaure-zaure kyauta tun ranar da ya fita. Buɗe asusu daban don kuɗin littafi, ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowane wata. Sai ka ga shekara biyu a jere abin da ke shigowa yana biyan haya da abinci da kuɗin makaranta ba tare da an taɓa albashi ba, kana da ajiyar wata shida a gefe, sannan ka kira mutanen gida ku zauna a kan maganar, su ma a ji ta bakinsu kafin a rubuta takardar ajiye aiki.